Farin Ƙyalle a Bakin Injin Shara

Ba ni da haƙuri, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekara biyu da gama sakandare ina zaune a gidanmu a Ƙofar Kwaya, daga wanke-wanke sai kallon bango, har na fara yi wa kaji masifa. Don haka ranar da mahaifiyata ta ce wani Alhaji mai shagon kayan wuta a bakin Babbar Kasuwa yana neman yarinya mai baki, ban tsaya tambayar irin aikin ba. Na zari hijabi na tafi.

Shagon cike yake da firiji da fanka da dutsen guga, duk suna tafiya. Abin da ya tsaya masa a wuya injinan shara ne, irin masu zuƙe datti daga kafet. Ya saro su da yawa sun ƙi motsi. Dalilin a fili yake. Maigida ne ke zuwa kasuwa, shi kuwa bai san zafin tsintsiya ba. Waɗanda suka san zafinta suna cikin gida, ma'aikatan Alhaji kuma duk maza ne, iyakarsu zaure. Mace yake so wadda za ta yi sallama ta shiga har falo ta nuna.

Iri uku ne a shagon. Akwai na gwanjo, mai jakar yadi a ciki, nauyi kamar buhun gero, in an kunna shi sai ka rantse injin niƙa ne. Akwai ƙarami mai caji, wanda ke aiki ko an ɗauke wuta, amma kafin a gama falo ɗaya numfashinsa ya ƙare. Sai sabon, mai tulun roba garai-garai, kana hango datti yana juyawa a ciki kamar guguwa. Shi ne mai tsadar, shi Alhaji ke son a saya, kuma a kansa nake da ɗan kasona.

Kwana uku ya yi yana koya mani a kan wani yankin kafet da ya shimfiɗa a bayan shago.

"Ki fara da nasu," in ji shi. "Ko tsintsiya ce, ko wani tsohon inji ne, ki ce su share yadda suka saba. Su share har su ce da bakinsu ya fita. Sannan ki kawo naki."

Ya yagi farin yadi kamar tafin hannu, ya cire bakin tiyon, ya ɗora ƙyallen ya mayar. Ya bi wurin sau uku ya ciro shi. Ya yi jawur da ƙasa.

"Ki shimfiɗa shi a hannunki, kowa ya gani. Daga nan ki rufe bakinki. Na san nan ne zai yi maki wuya."

"In suka ce za su sake gwada nasu fa?"

"Ki naɗe wayarki ki fara maganar farashi. Ba a buɗe taron da aka rufe."

Ban ga komai a ciki ba. Datti ne, ga shi a ƙyalle, ba daga aljihuna na fito da shi ba. Na shiga gidaje da dama, na sayar, kuma gaskiya ina jin daɗin wannan shirun. Mace tana ta cika baki cewa ɗakinta ko allura ta faɗi sai an gani, sai in buɗe tafin hannuna in ga fuskarta ta zube. Ina ganin kaina kamar likita.

Wata rana aka kira shago daga wani gida a Ƙofar Durbi. Na ɗora injin a napep na tafi da hantsi. Gidan wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga koyarwa, mijinta ya rasu, 'ya'ya duk sun watse. Tana fama da asma, kana jin numfashinta tun daga ƙofa. Ɗiyarta ce ta kira mu, ma'aikaciyar gwamnati, mai tabarau da mukullin mota a hannu, ta biyo daga ofis don ta gani da idonta. Likita ya ce a raba Hajiya da ƙura, ita kuma ta ɗauki maganar da zafi.

Ta uku a gidan wata dattijuwa ce siririya da suke kira Iya. Ita ke shara da wanki da dafa ruwan zafi. Tun ɗiyar Hajiya tana rarrafe take gidan, ita ta goye ta. Wannan a cikin gaisuwa na ji, don Hajiya sai da ta tambaye ni gidanmu da iyayena da makarantar da na yi, ta kuma ba ni tarihin kowa, ni kuwa idona yana kan soket, ina addu'a kada a ɗauke wuta.

Falon kafet ne daga bango zuwa bango, ruwan toka, ya kwana biyu. A nan Hajiya ke wuni. Ga dardumar sallarta a gefe, ga filo, ga fulas.

Na zaɓi wuri kusa da ƙofa, inda ƙafa ta fi bi, kamar yadda aka koya mani. Na ce, "Iya, dan Allah share mani nan yadda kika saba."

Ta ɗauko tsintsiyar kwakwa, ta yayyafa mata ruwa don kada ƙura ta tashi ta taɓa Hajiya. Ta durƙusa. Ba irin sharar da nake yi a gidanmu ba ce, ta a-gama-a-tashi. Da gajerun bugu take bi, tana tayar da gashin kafet ɗin, ta dawo ta kwantar da shi. Ta kwashe abin da ta tara a murfin kwali. Sai ta shiga ɗaki ta jawo wani tsohon inji da ɗan Hajiya ya taɓa kawowa, irin mai jakar yadi, ta bi wurin da shi a hankali, gaba da baya.

"Iya, ya fita?"

"Ya fita, ɗiyata. Ko tuwo kika zuba nan sai ki ci abinki."

Hajiya ta yi murmushi. Na sa ƙyallena, na bi sau uku, na ciro, na shimfiɗa a hannu. Jan ƙasa, da zare, da gashi fari guda biyu. Na rufe bakina.

Ɗiyar ce ta fara magana. "Innalillahi! Mama, a kan wannan kike wuni? Muna ta yawon asibiti, ashe ciwon yana ƙarƙashin ƙafarmu." Ta juya. "Iya, dama haka kike sharar?"

Iya ta matso ta taɓa ƙyallen, ta murza ƙasar a tsakanin yatsu biyu. Sannan ta dube ni.

"Ɗiyata, kina da wani ƙyallen? Sa mani a bakin namu, in bi inda kika bi."

Ƙyallaye sun fi goma a jakata. Na ce, "Haba Iya, ai naku ya yi nashi mun gani. Sau nawa ake rubuta jarrabawa ɗaya?"

Ɗiyar ta yi dariya. Ni ma na ji daɗin maganar, na ga na iya. Na sunkuya na fara naɗe waya ina faɗin farashi. Hajiya ta miƙo hannu na ba ta ƙyallen, ta daɗe tana kallonsa tana numfashi da ƙyar. Iya ta ja tsohon injin ta mayar ɗaki, ƙafarsa ɗaya tana ƙara. A ranar suka saya.

Bayan kwana goma na koma don in nuna masu yadda ake wanke soson da ke tace ƙura. Ɗiyar na tarar, ta naɗe hannun riga tana kokawa da tulun. Muna cikin yi na ce a kira Iya ta gani, tunda ita za ta riƙa yi.

"Ai mun ce ta je ta huta," in ji ta. "Girma ya kama ta, ido ba ya gani. Mama ba ta so ba, amma lafiya ta fi kunya. Ni zan riƙa biyowa daga ofis ina yi."

Na ce to. Na gama abin da ya kawo ni na fita.

Ba zan yi ƙarya in ce tausayi ne ya fara kama ni ba. Tambayar Iya ce ta tsaya mani. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, me ta gani da ta nemi ƙyalle? Me ya sa Alhaji ya ce kada a yarda? Kwana biyu abin yana cin raina, ni kuwa ban iya ajiye abu a ciki ba.

A rana ta uku, da Alhaji ya tafi sallar azahar, na jawo injinan uku zuwa bayan shago. Wannan karon na fara da sabon. Na bi sau uku, ƙyalle ya yi ja. Na sa sabon ƙyalle a bakin na gwanjo na bi wurin nan dai, inda sabon ya gama. Na ciro. Ja. Bai kai na farko ba, amma ja ne, da za a shimfiɗa wa mace shi a falonta sai ta riƙe baki. Na ɗauko mai caji, wanda nake rainawa, shi ma ya fito da nashi. Na koma kan sabon. Ya sake fitowa da wani. Har ƙyalle shida na jera a kan firiji, ba ko ɗaya da ya fito fari. Kafet ba ya ƙarewa. Duk wanda ya bi baya zai samu, kuma shi kaɗai ake sa wa ƙyalle.

Alhaji ya shigo yana jan carbi, ya ga jerin.

"Ke kuma lafiya? Shanya kika koma yi mani a shago?"

"Alhaji, wannan abin da muke yi ba adalci ba ne."

"Mi ya faru?"

Na faɗa masa yadda na yi. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya sa carbin a aljihu ya ce in juyo ɗaya gefen kafet ɗin da ba a taɓa ba. Ya ce in fara da na gwanjo, in bi da sabon, kowanne da ƙyallensa. Na yi. Ya ɗauki ƙyallen sabon da ya bi bayan na gwanjo, ya ajiye kusa da na gwanjon da ya bi bayan sabo.

"Duba da idonki. Wanne ya fi duhu?"

Na sabon ne. Ba musu.

"To kin gani. Ya fi shi. Ni ban taɓa sayar wa kowa mushe ba."

"Ya fi shi da kaɗan. Mu kuma muna nunawa kamar wancan bai taɓuka komai ba."

"Kaɗan ba ya sa mace ta buɗe jaka. Mai tumatir ma manyan yake ɗorawa a sama, kin taɓa kai shi wurin alƙali?"

"Mai tumatir bai sa an kori kowa ba."

Sai na ba shi labarin Iya. Ya zauna a kan kwalin fanka ya cire hula ya shafa kai.

"Ni inji na ce ki kayar. Ban ce ki kayar da mutum ba."

"Kai ka ce ko tsintsiya ce."

"Tsintsiya na ce."

"Ita kaɗai take tashi ta yi sharar?"

"Ke! Iya bakinki, na haife ki." Ya mayar da hular. Can ya ce, "Je ki gyara abin da kika ɓata. Amma kada ki ce masu injina ba ya aiki, don yana yi."

Kika ɓata, ya ce. Na so in mayar masa, sai na tuna ba shi ya yi maganar jarrabawa ba.

Washegari na tafi da safe, lokacin da na san ɗiyar tana ofis. Na tarar da Hajiya ita kaɗai, da kofin koko da ya huce a gabanta. Ba wuta. Na ce zan jira. Kusan awa biyu muna zaune, ita tana jan numfashi, ni ina kallon ƙwan fitila kamar zan kunna shi da ido. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Da fanka ta motsa na miƙe.

"Hajiya, ina so ki ga wani abu. Ranar nan ban yi daidai ba."

Na bi bakin ƙofa da sabon injin, sau uku, har sau biyar. Na shiga ɗaki na jawo tsohon, yana nan inda Iya ta bar shi, ta rufe shi da tsumma. Na sa masa farin ƙyalle na bi wurin. Na ciro na miƙa mata.

Ta sa tabarau. "Sake," ta ce, da muryar malamai.

Na sake a wani wurin. Haka dai.

"Watau ko wane ne ya zo ƙarshe, shi ke da gaskiya."

"Sabon ya fi ƙarfi kaɗan, Hajiya. Amma ko shi ya bi bayan kansa sai ya samu. Ba sharar Iya ba ce. Kafet ne haka."

Ta ajiye ƙyallen a cinya. Tari ya taso mata, na zuba mata ruwa daga fulas, ashe ya yi sanyi.

"Na koyar da yara har gashina ya yi fari," ta ce bayan ya lafa. "Ban taɓa yarda a yanke wa yaro hukunci ba a ji bakinsa ba. Iya ta roƙa a gabana. Na ji ta da kunnena. Na ga datti na tsorata, na yi shiru." Ta dube ni. "Ke ma kin ji ta."

"Na ji ta."

"To ke za ki je. Ƙirjin nan ba zai kai ni ba, ita kuma ba ta riƙe waya. Ki ce ni na aiko ki. Ki ce ta dawo ɗakinta, ɗiyar tawa ni zan ji da ita."

Ta yi mani kwatance. Gidan ƙanen Iya, can cikin lungu, inda napep ba ya shiga. Na ƙarasa da ƙafa, ina tsallake kwata, ƙyallayen suna hannuna a leda kamar takardar shaida. A hanya na shirya yadda zan faɗa. Na ɗauka da ta gani za ta tashi ta ɗauki mayafi.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta gane ni nan take. Ta amsa gaisuwata ba yabo ba fallasa, ta tura mani kujera 'yar tsugune. Na kwance leda na fara jera ƙyallaye ina bayani, wannan na sabon ne, wannan na tsohon ne da ya bi baya.

Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Ai na sani," ta ce. "Kafin a manne kafet ɗin nan a ƙasa, darduma ce a falon. Duk Juma'a nake rataye ta a igiya in buga. Ki buga har hannunki ya mutu, ƙura ba ta daina fita. Shi ya sa na ce ki ba ni."

"To Hajiya ta gani yanzu. Ta ce ki dawo."

"Ita ta ce, ko ke?"

"Wallahi ita."

Ta ci gaba da ɓara. Ta tambaye ni ya ƙirjin Hajiya. Ta tambaya ko akwai mai dafa mata ruwa da asuba, don in ta sha mai sanyi wunin ranar ya ɓaci. Na tuna fulas ɗin, na ce ban sani ba.

"Ki ce ina gaishe ta. Ki ce kada a kunna abin nan tana ɗakin, ko tsohon ko sabon. Iskar da ke fita ta bayansa tana tayar mata da tari. A fitar da ita tsakar gida tukuna, in an gama a buɗe taga. Ni haka nake yi."

Ban taɓa sanin wannan ba. Sau biyu na kunna inji a gaban Hajiya, na biyun ma a ranar nan da safe.

"Dawowar fa, Iya?"

Ta hure ɓawon da ke faifai.

"Ɗiyata, yarinyar da na goya ta tambaye ni a gaban baƙuwa ko haka nake shara. Uwarta na zaune. Ban riƙe su ba, tsoro ne. Amma in na koma, duk ranar da ta yi tari ƙasa zan duba, su ma ƙasa za su duba. Ban iya wannan zaman ba."

Raina ya ɓaci, da ita, da kaina, da kowa. Na ce, "Iya, ni na jawo. Ni ki yi fushi da ni, ki bar su."

"Ke aikinki kika yi. Wa ya san ki a gidan?"

Ta ɗebi gyaɗa ta zuba mani a ledar, a kan ƙyallayen, ta ce in kai wa mahaifiyata.

Na koma Ƙofar Durbi na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba. Hajiya ta ji maganar taga ta gyaɗa kai. Da na zo kan sauran sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce Allah ya yi mani albarka, in ja mata ƙofa.

Na ƙara wata biyar a shagon. Ban daina sa ƙyalle ba, ban kuma daina fara da nasu ba, don na gwada fara da nawa a gida biyu ba wanda ya saya. Abin da na canza kawai, in na shiga gida sai na tambayi wa ke shara. In matar gida ce da kanta, in yi. In wata ce ake biya, in ce a bar tsintsiya, mu gwada inji da inji. Ban sani ba ko wannan adalci ne ko kuwa wayo ne na samun barci.

Hajiya ta sake aikawa sau biyu. Na biyun ɗiyar ce ta je da kanta, ta ajiye mota a bakin titi ta shiga lungun da takalmi mai tsini. Iya ta karɓe ta, ta ba ta ruwa, ta rako ta har bakin hanya, ba ta biyo ta ba. Daga baya, da na kai masu sabon soso, ɗiyar ta ce mani Iya takan zo gaisuwa wasu ranakun Juma'a. Takan zauna a tsakar gida, Hajiya ta lallaɓo ta fito su yi hira har la'asar. An yi an yi ta shiga falo, ta ce nan ma ya isa.